Ko Ka Sani? Kano a Cikin Wasannin Yaƙi na Kwamfuta

Ko ka san cewa a watan Agusta na 2021 masu tsara wasan kwamfutar nan Age of Empires III sun saka Hausawa cikin al'ummomin da ɗan wasa zai iya jagoranta? Birninsu a wasan Kano ne, dakarunsu har da 'yan lifida da maharban Fulani. Shugabar da aka ba su kuwa Sarauniya Amina ce, abin da Zazzagawa ba za su rasa ta cewa a kai ba.

Irin wannan wasa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa yadda za a gwada yaƙi a kan taswira da 'yan gutsattsarin ƙarfe a madadin runduna, aka kuma karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1961 kamfanin Avalon Hill na Amurka ya fitar da D-Day, wasan allo a kan mamayar Normandi ta 1944.

Sirrin abin lissafi ne. Kowace runduna tana da lambobinta: ƙarfin kai hari, ƙarfin tsare gida, da nisan da za ta iya ci a tafiya ɗaya. Idan an yi arangama sai a gwama lambobin, a ce uku ne a kan ɗaya, a ƙara wa mai tsaro wani abu idan yana bayan kogi ko ganuwa, sannan a jefa ɗan lido a duba jadawali. Kwamfuta ba ta zo da sabon abu ba illa sauri, da kuma iya ɓoye maka inda abokan gaba suke, abin da allon da kowa ke gani ba ya iyawa sai da alƙali.

To, a ɗora Kano ta 1903 a kan wannan ma'auni. Kanar Morland na sojan Ingila ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojojin da ba su kai dubu ba, mafi yawansu baƙar fata, da igwa huɗu da bindigar Maxim huɗu. Ya fasa Bebeji a hanya, ya iso bakin birni ran 3 ga Fabrairu. Badala ta yi aikinta, domin a ƙofar farko igwa ba ta yi wa wannan tarin ƙasa komai ba, sai da suka zagaya ta wajen Kabuga suka sami shiga. Sarki Alu ba ya gari. Yana hanyar dawowa daga Sakkwato da manyan barade. Maxim ɗaya tana iya aman harsashi wajen 600 a minti guda, kuma irin wannan bambancin makami ne ya gama da mahayan Wazirin Kano Ahmadu a kusa da Kwatarkwashi kafin watan ya ƙare.

Nan mai tsara wasa yake shiga uku. A dara, kowa da adadin 'ya'yansa daidai da na ɗan'uwansa, amma mamaya ba ta san adalci ba, kuma ba wanda zai zauna wasan da aka san ƙarshensa. Wasu sukan daidaita ƙarfin da gangan, kamar yadda Age of Empires ya yi har Bahaushe yake iya kora Bature. A ganina wannan nishaɗi ne, ba darasi ba. Masu tsara wasan allo sun fi dabara: sukan bar ƙarfin yadda tarihi ya bar shi, su sauya ma'anar nasara. Mai tsaron gari ya ci idan ya riƙe ƙofa fiye da yadda aka riƙe ta a gaske, ko ya jawo wa maharan asarar da shugabanninsu ba za su iya jurewa ba. Da wannan ƙa'ida, tambayar da ɗan wasa zai yi ta juyawa ita ce: da Alu da baradensa suna cikin birni ranar, awa nawa Kabuga za ta ƙara?