SABO TA BADUN: KUNNE NA WAJEN YAƘI, CIWO NA CIKIN RIGA

Duk wanda ya biyo ta Mokola ya shiga unguwar Sabo a birnin Badun bayan sallar La'asar, zai tarar majalisu sun cika. Ga 'yan canji, ga masu tsire suna hura wuta, ga dattawa bisa benci, wani da rediyo a kunne, wani da wayar hannu. Hirar kuwa ba ta cika wuce abu biyu ba, wato yaƙe-yaƙen duniya da halin shugabanni. Akwai magana ta uku wadda ba a ɗaga murya a kanta. Sai an tashi watsewa, sa'an nan mutum zai ja amininsa gefe ya gaya masa kwana biyun nan kansa na sarawa, ko ƙafa ta kumbura, ko kuwa maganin da likita ya rubuta ya ƙare tun watan jiya.

Tun cikin 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, fataucin goro da na shanu kuwa su suka raya ta. Mutumin da abincinsa ke bisa hanya ba ya ƙaunar jin labarin yaƙi, domin ya san da zarar bindiga ta tashi, hanya ce ke fara rufewa.

An ga haka a fili cikin 2023. Ran 26 ga watan Yuli soja suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Jamhuriyar Nijar. Ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba su wa'adin kwana bakwai, ta ce in ba su sauka ba za a iya amfani da ƙarfin soja. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba su. Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma a zangon Hausawa irin Sabo ba a rasa mai dangi a Maraɗi ko Ƙonni ko Damagaram. Don haka 'yan Arewa na gida da na kudu suka ƙi wannan yaƙi tun ba a fara shi ba. Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, malamai kuma suka tafi Yamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Allah ya kiyaye ba a gwabza ba, an kuma janye takunkumin cikin Fabrairun 2024. Amma kafin nan marasa lafiya a Nijar sun ɗanɗana ƙarancin magani, fataken Nijeriya kuma sun tafka hasara.

A wannan shekara ce dai aljihun talaka ya shiga uku. Dama yaƙin Rasha da Yukiren, wanda ya ɓarke a Fabrairun 2022, ya riga ya ɗaga farashin alkama da taki da man dizal. Ran 29 ga watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa wajen N500. Cikin Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ɗaya ta haura N1,500. 'Yan canjin Sabo su suka fara ganin abin a hannunsu, amma mai ciwon sukari da mai hawan jini su suka ji a jikinsu, domin kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan ƙasar nan daga waje ake shigo da su. Har ila yau cikin Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin da Ventolin na masu asma, ya ba da sanarwar zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Nijeriya, farashin waɗannan magunguna kuwa ya ninka.

Nan ne fushin da ake yi da shugabanni ya samo tushe. Cikin Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Marigayi Umaru 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi jinya a 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan cikin 2017, a can kuma ya rasu ran 13 ga watan Yuli 2025. Shi kuwa mutumin Sabo, babban asibitinsa shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Badun, wanda aka buɗe a 1957, ga shi nan kusa da Mokola. Wannan asibiti kamfanin wuta ya yanke masa lantarki a Oktoban 2024 saboda bashi, aka shafe fiye da wata uku ana fama da duhu.

To, duk wannan gaskiya ne, kuma mai ƙorafi bai yi laifi ba. Sai dai akwai darasin da ya kamata a tuna. Cikin Maris 2003 Amurka ta afka wa Iraƙi, zukatan Musulmi suka ɓaci ƙwarai. Cikin wannan ɓacin rai ne jita-jita ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a rigakafin shan-inna. Zargin ya sami gindin zama domin mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin annobar sanƙarau, yara 11 daga cikin 200 na gwajin suka rasu. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya suka tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,000 a 2006, ta kuma tsallaka har Yaman da Indunusiya. Waɗanda suka ƙaddamar da yaƙin Iraƙi ko ƙwarzane ba su yi ba, 'ya'yan talakawa ne suka tashi da shanyayyun ƙafafu. Sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Irin wannan hasara tana iya faruwa a ɗakin mutum ɗaya. Likitoci sun ƙiyasta kusan ɗaya cikin uku na manyan mutane a ƙasar nan yana da hawan jini, da yawa kuwa ba su sani ba, domin ciwo ne mai shiga ba sallama. In awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, to lokacin ganin likita ya yi. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin dainawar ce ke jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. In kuɗi sun gaza, ya gaya wa likita ko mai kemis na gaskiya, sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rahusa. A rage gishiri da dunƙulen miya, a sassauta cin goro da daddare, a kuma guji ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a faranti. Jihar Oyo tana da hukumar inshorar lafiya mai suna OYSHIA, ya kamata shugabannin unguwa da na ƙungiyoyin kasuwa su je su ji sharuɗɗanta su bayyana wa jama'a.

Ba wanda zai hana majalisun Sabo tattauna Gaza ko Sudan, ko auna shugabanni a ma'auni, domin ranar zaɓe da wannan hira ake zuwa rumfa. Amma na'urar awon jini guda ɗaya, in majalisa ta yi karo-karo, ba za ta gagara saye ba, a ajiye ta wajen mai shayi ko a shagon liman kowa ya riƙa miƙa hannu ran Juma'a. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasashe lafiya, amin.