Yaya Za A Auna Ribar Ruwan Tiga?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta yake biyan bukatu uku: noman rani a Kadawa, ruwan sha ga birnin Kano, da kamun kifi.

To, amma wanda ya ƙidaya buhunan alkama da kwandunan tumatir kaɗai, rabin lissafi ya yi. Ruwan da aka tare a Tiga, daga rabon fadamun Haɗeja da Nguru aka rage shi, inda manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara ga ambaliyar damina.

Saboda haka wajibi ne jami'an tsare-tsare su ɗora asarar waɗannan bayin Allah bisa ma'auni kafin su ce an ci riba.