Ranar Zaɓen Sababbin Ƴan Wasa A Amurka: Saurayin Da Aka Tarba Da Ihu

Ran 17 ga watan Afrilu na shekarar 1999, a cikin wani babban zauren taro na Madison Square Garden a birnin Niyok, shugaban hukumar ƙwallon Amurka na lokacin, Paul Tagliabue, ya hau mumbari ya karanta wata ƴar takarda. Ya ce ƙungiyar Eagles ta birnin Filadalfiya ta zaɓi Donovan McNabb, ɗalibin jami'ar Syracuse. Kafin ya rufe baki zaure ya ɗauki ihu, ba kuwa ihun murna ba, ihun raini. Saurayin, mai shekara 22 da haihuwa, ya tashi ya hau mumbari, aka ba shi hula da rigar ƙungiyar, ya tsaya aka ɗauki hoto. Waɗanda ke yi masa ihu ba abokan gaba ba ne. Magoya bayan Eagles ne, watau mutanen garin da zai je ya yi wa aiki, ga shi ko sau ɗaya bai taɓa jefa ƙwallo da sunansu ba.

Domin mai karatu ya gane abin da ya kawo haka, sai an yi bayanin wasan da kuma tsarinsa.

Ƙwallon da ake magana ba tamaular da aka saba gani ba ce, wadda ake bugawa da ƙafa. Amurkawa suna da nasu wasan dabam, ko da yake shi ma ƙwallon ƙafa suke ce da shi. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta ana jefawa, mutum 11 suna turereniya da mutum 11, kowa saye da hular kwano. Babban mutum a cikin fili shi ne wanda suke kira kwatabak, wanda a nan za a kira shi madugu, don shi ke karɓar ƙwallo da fari, ya duba fili, ya yanke shawarar wanda zai jefa wa. Babbar hukumar wasan ita ce NFL, tana da ƙungiyoyi 32, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi kuwa shi ne Super Bowl.

A ƙasashen Turai ƙungiya mai kuɗi ita ke sayen gwani. A NFL ba haka ake ɗaukar sabon ɗan wasa ba. Sau ɗaya a shekara, cikin watan Afrilu, ana jera samarin da suka yi fice a wasannin jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har zagaye 7. Ƙungiyar da ta fi shan kaye a bara ita ke fara zaɓe, wadda ta ɗauki kofi ita ce ta ƙarshe. Saurayi ba shi da ikon zaɓar garin da zai zauna, sai inda aka kira sunansa. Abin mamaki, a Filadalfiya aka haifi wannan tsari. Mai ƙungiyar Eagles na wancan zamani, Bert Bell, ya gaji da ganin masu kuɗi suna kwashe gwanaye, sai ya kawo shawarar, aka yi zaɓen farko ran 8 ga Fabrairu 1936 a wani otal na birnin. Eagles ce ta fara zaɓe, ta ɗauki Jay Berwanger, shi kuwa ya ga kuɗin bai ishe shi ba, ya kama wata sana'a, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NFL ba.

Ranar talakan ƙungiya

Ga mai goyon bayan ƙungiyar da ke cin nasara, wannan rana ba ta da wani nauyi sosai. Amma ga wanda ƙungiyarsa ta kwashe shekara tana shan duka, ita ce sallarsa. Duk kayen da ya gani, duk tsiyar da maƙwabta suka yi masa, a ranar ne ake biyansa, tunda wahalar bara ita ta saya masa wuri a gaban layi. Tun daga watan Janairu yake shirin ta. Yana sauraren radiyo, yana karanta jaridun da ke jera sunayen samari, ya san tsawon kowane da nauyinsa, ya san daƙiƙa nawa ya yi a gudun yadi 40 a wajen gwajin da ake yi musu a Indianapolis. Tun daga 1980 tashar ESPN ke nuna zaɓen a telebijin, abin kuma ya yi ta girma, har aka mai da shi kwana 3 daga 2010. Da aka yi shi a Filadalfiya a 2017, mutum wajen dubu 250 suka hallara, a Detroit kuwa a 2024 sun haura dubu 700. Duk wannan taro ba don a ga wasa ba ne, don a ji ana karanta sunaye ne kurum.

Kafin ranar ta zo, mai goyon baya ya riga ya zaɓi nasa a zuci, ya sa masa rigar ƙungiya, ya ga kofi a hannunsa. Saboda haka idan aka kira wani suna dabam, ji yake kamar an ƙwace masa abin da ya riga ya mallaka.

Haka ta faru ga mutanen Filadalfiya. A 1998 Eagles ta buga wasa 16, ta ci 3, aka ci ta 13. Rabonta da kofi tun 1960, watau wanda aka haifa a shekarar kofin ya kusa cika 40 bai ga wani ba. Ga shi kuma a shekarar akwai Ricky Williams na jami'ar Texas, mai gudu da ƙwallo, wanda ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i, ya kuma kafa sabon tarihi na yawan yadin da ɗalibi ya taɓa ci da gudu. Kowa ya gan shi a telebijin yana ture ƙarti kamar bijimi. Gari ya ɗauka, shi ake so. Har magajin garin, Ed Rendell, ya fito fili ya ce Williams ya kamata a ɗauka. Wani mai shiri a gidan radiyon wasanni, Angelo Cataldi, ya tara mutum 30 daga cikin masu saurarensa, aka zuba su a kar zuwa Niyok. Su ne suka tada ihun.

Sabon mai horar da ƙungiyar, Andy Reid, wanda wajen wata 3 ke nan da kama aikinsa, lissafinsa dabam ne. Mai gudu da ƙwallo yana saurin gajiya saboda yawan karo, kuma ana samun madadinsa. Madugu nagari kuwa shi ne wuyar samu, in an same shi sai a ɗora gini a kansa shekara 10. Wannan lissafi ba shi da armashi a ido, ba ya kuma shiga kunnen wanda ya daɗe da yunwa.

Abin da shekaru suka nuna

Ricky Williams ya tafi a lamba ta 5, ga ƙungiyar Saints ta New Orleans. Mai horar da ita, Mike Ditka, ya ƙwallafa rai a kansa har ya ba ƙungiyar Washington duk sauran zaɓensa na shekarar, ya ƙara da 2 na shekara mai zuwa, don ya matso gaba a layi. Wata mujalla ma ta buga hotonsu su biyu, Ditka cikin kayan ango, Williams cikin kayan amarya. Auren bai yi albarka ba. Saints ta ci wasa 3 aka ci ta 13, aka sallami Ditka a ƙarshen kakar, a 2002 kuma aka miƙa Williams ga Miami. Gaskiya dai ba rago ba ne: a 2002 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL, da yadi 1853, kuma kafin ya bar wasa ya haura yadi dubu 10. Sai dai bai kai kowa ga kofi ba, a 2004 ma ya ajiye wasa ba zato ba tsammani, ya dawo bayan shekara guda.

McNabb kuwa ya yi shekara 11 yana jan ragamar Eagles. Sau 5 ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe, sau 6 aka sa shi cikin gwanayen shekara, a watan Fabrairu 2005 kuma ya kai ta Super Bowl. Darajar zaɓen tana ƙara fitowa in an dubi sauran madugan da aka ɗauka tare da shi. Tim Couch, lamba ta 1, shekara 5 ya yi a Cleveland ya ɓace. Akili Smith, lamba ta 3, wasa 17 kawai aka fara da shi a Cincinnati. Cade McNown, lamba ta 12, shekara 2 ya yi a Chicago. Duka ƙwararru ne suka zaɓe su, masu albashi, bayan watanni ana bincike.

A nan ne bai kamata a yi saurin yi wa masu ihu dariya ba, don su ma ƙwararrun lalube suke yi. Wasu masana tattalin arziki biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 2017, sun bi diddigin zaɓen na shekaru da yawa. Sun tarar cewa idan aka ɗauki ɗan wasa, aka gwada shi da wanda aka ɗauka bayansa a irin matsayinsa, sau 52 cikin 100 ne kawai na farkon yake fin na biyun. Watau bai fi a jefa kwabo sama a ga inda ya faɗi ba sai da kaɗan. Shaidar da ta fi kowace ita ce mutumin da ya hana McNabb kofi a 2005, lokacin da Patriots ta ci Eagles 24 da 21. Sunansa Tom Brady. A zaɓen 2000 sai a zagaye na 6 aka kira shi, lamba ta 199, bayan an ɗauki madugai 6 a gabansa. Babu wanda ya yi masa ihu ko tafi, don kusan babu wanda ya kula. Kafin ya yi ritaya a 2023 ya ɗauki Super Bowl sau 7, abin da ba wani ɗan wasa da ya taɓa yi.

Duk da haka, kashegarin kowane zaɓe jaridu sukan ba ƙungiyoyi maki kamar ƴan makaranta, wannan ta ci, waccan ta faɗi, alhali ba a ko gwada wa samarin takalma ba. Su kansu masu ba da makin sun san sai bayan shekara 3 ake sanin gaskiya. Amma jarida ba ta jiran shekara 3, mai karanta ta ma haka.

Daga baya masu ihun 1999 sun ce ba McNabb suka nufa ba, shugabannin ƙungiya suka yi wa, ko wa aka kira in ba Williams ba haka za su yi. Mai yiwuwa ne. Sai dai wanda ya tsaya a kan mumbari gaban iyayensa shi ya sha, kuma ya daɗe yana ambaton ranar. Zamansa da mutanen garin bai taɓa zama na aminci sosai ba: in ya ci a yaba, in ya faɗi a tuna masa cewa har yanzu babu kofi. A 2010 aka miƙa shi ga Washington. A watan Satumba 2013 ƙungiyar ta gayyato shi, ta jingine lambarsa ta 5 don kada wani ya sake sa ta, filin wasa ya miƙe yana tafi.

An sake maimaitawa

Mai karatu zai yi tsammani an ɗauki darasi. A zaɓen 2020, wanda aka yi kowa yana gidansa saboda annobar korona, Eagles ta yi zaɓe 2 da suka tada ƙura. A lamba ta 21 ta ɗauki Jalen Reagor, mai cafe ƙwallo, ta bar Justin Jefferson, wanda Minnesota ta yi wuf ta ɗauka a lamba ta 22. Magoya baya da yawa sun yi gunaguni, kuma a wannan karo su ke da gaskiya: Jefferson ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa, Reagor kuwa shekara 2 ya yi aka rabu da shi.

Amma fushin da ya fi zafi a kan zaɓe na biyu ya sauka. A lamba ta 53 ƙungiyar ta ɗauki madugu, Jalen Hurts, alhali a 2019 ta sa hannu da madugunta Carson Wentz a kan dolar Amurka miliyon 128. Radiyo ya ɗauki zafi, ana tambayar me za a yi da madugu biyu, ana cewa an yi asarar zaɓe. Ba a yi shekara ba Wentz ya lalace, a 2021 aka miƙa shi ga Indianapolis. Hurts ya kai Eagles Super Bowl a Fabrairu 2023, Kansas City ta ci su 38 da 35. Ran 9 ga Fabrairu 2025, a New Orleans, ƙungiyoyin biyu suka sake karawa, Eagles ta ci 40 da 22, aka ba Hurts kyautar gwarzon wasan. Mai horar da Kansas City a wasannin biyu shi ne Andy Reid, mutumin da ya rubuta sunan McNabb a ƴar takardar nan ta 1999.