Abin da Ke Cikin Kan Gafiya

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san karin maganar nan da ke cewa gafiya tsira da na bakinki. Da yawa daga cikinmu mun taɓa bin yayyenmu haƙar raminta bayan kaka, a gindin duwatsu ko a gefen gona. Idan aka kai ƙarshen ramin, sai a tarar da gyaɗa da wake da dawa a jibge. To, yaya dabbar da ba ta gani sosai take fita cikin dare, ta cika kumatunta, ta koma gida ba tare da ta ɓata ba? Amsar tana cikin ginin ƙwaƙwalwarta.

Bari mu fara da hanci. A gaban ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙullutai biyu masu karɓar saƙon ƙanshi da wari. Masana lafiyar dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun auna ƙwaƙwalwar gafiya, suka ga waɗannan ƙullutai manya ne ƙwarai idan aka dubi girman sauran sassan. Saboda wannan baiwa ce ƙungiyar APOPO, wadda aka kafa a 1997, ta shiga horar da wata 'yar'uwar gafiyarmu a garin Morogoro na Tanzaniya, don ta sansano nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, ta kuma gano tarin fuka a cikin majinar majiyyata.

Na biyu shi ne wani sashe mai lanƙwasa da masana ke kira hifokamfus, wanda za mu iya ce masa ma'ajiyar hanya. A 1971 John O'Keefe, a birnin Landan, ya gano cewa a cikin wannan sashe na ɓera akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai ɓeran ya iso wani wuri takamaimai. Ke nan dabbar tana ɗauke da taswirar unguwarta a ka. Wannan aiki ya ba shi rabo a kyautar Nobel ta 2014. A 1994 kuma aka kwatanta wasu ɓerayen hamadar Amurka. Mai rarraba abincinsa a ƙananan ramuka barkatai ya fi mai tarawa a rumbu guda girman ma'ajiyar hanya, domin wuraren da zai tuna sun fi yawa. Mu ma muna da irin wannan bambanci a gonakinmu: gafiya takan kai kayanta rami, kurege kuwa yakan binne nasa nan da can.

Na uku shi ne zaman tare. A Amurka akwai ɓeran fili wanda namiji da mace ke zama tare su reni 'ya'yansu, da kuma ɗan'uwansa na tsauni wanda ba ruwansa da iyali. A 1992 aka gano cewa wuraren da ke karɓar wani sinadari mai suna oksitosin ba a mazauni ɗaya suke ba a ƙwaƙwalen biyun. Sai dai binciken 2023 ya nuna ɓeran fili na iya riƙe abokin zamansa ko da an cire masa waɗannan wurare, don haka ba sinadari ɗaya ne ke riƙe da zumunci ba. Haka nan a Kanada, a 1983, aka nuna cewa ɓera yakan sansana bakin ɗan'uwansa da ya dawo daga kiwo, daga nan ya fi son irin abincin da wancan ya ci.

Me wannan ya shafe mu da shi? Ya shafi rumbunan iyayenmu da lafiyarmu. Ɓeran da ya ɗanɗani guba ya sha wuya bai mutu ba, yakan guji wannan abinci daga baya. Wanda ya gano ƙofar rumbu kuwa ba ya manta hanya, kuma 'yan'uwansa za su ji labari a bakinsa. Ga shi ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke shiga gidajenmu shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno a yau.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan muka je hutu kada mu dogara ga maganin ɓera kaɗai. Mu toshe ramukan ɗaki, mu rufe hatsi a mazubi mai murfi, mu daina shanya abinci a ƙasa bakin hanya, mu kai shara nesa da gida. Magabata sun riga sun faɗa mana: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.