Ɗakin Ƙasa Da Sanyin Hunturu A Maiduguri

Daga Disamba zuwa Janairu ma'aunin zafi a Maiduguri yakan sauko wajen 13 da asuba, alhali da rana yana kai 30. Mutanen tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Hausari sun daɗe da sanin maganin wannan, watau bangon ƙasa mai kauri. Yakan sha rana yini guda, in dare ya raba ya riƙa sakin ɗumin cikin ɗaki a hankali.

Amma fa sai da kulawa. In ɗaki ya soma sanyi, akan duba tsaga a yaɓe ta, a gyara indararo, gama bangon da ya jiƙe ba ya riƙe ɗumi.

Ambaliyar Alau ta Satumba 2024 ta rushe gidajen ƙasa da yawa, kuma mai aiko kuɗi daga Ikko ko Ibadan bulo da kwano yake so. To, kwano ba ya ajiye komai. Sai tsoho ya shiga da kaskon gawayi ya toshe taga, gubar gawayi kuwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Lalle mai aika kuɗin kwano ya haɗa da na silin da bargo, ya kuma ja kunne a fitar da kasko kafin a kwanta.