Kare Dukiyar Tsofaffi Daga Saƙonnin Talla, Roƙo da Damfara

Saƙonnin neman kuɗi da ke isa ga dattawa a garuruwa irin su Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi iri uku ne. Akwai na masu talla, akwai na masu neman taimako, akwai kuma na 'yan damfara tsantsa. Biyun farko suna iya zama gaskiya, na ukun kuwa ƙarya ne tun daga sallama. Sai dai a aljihun tsoho duk sakamakonsu ɗaya ne: kuɗin fansho, ko na hatsin da aka sayar, ko abin da 'ya'ya suka turo daga Kano ko Abuja, ya ƙare tun wata bai raba ba, kuma mai kuɗin ya kasa faɗin inda suka tafi.

A Ingila da Amurka ta gidan waya wannan matsala ta shiga gidaje. Kamfanoni da ƙungiyoyi suna aika wa tsofaffi wasiƙu, wata ta ce an ci gasa, wata ta roƙi gudummawa, kuma duk wanda ya amsa sau ɗaya sai sunansa ya shiga jerin da ake sayarwa daga hannu zuwa hannu. Amurka ta yi doka a kan wasiƙun yaudara a 1999. A Ingila, rasuwar wata tsohuwa mai shekara 92 a birnin Biristol a 2015, wadda wasiƙun roƙo suka yi wa yawa ƙwarai, ta ta da ƙura har aka kafa sabuwar hukumar sa ido kan masu tara gudummawa a 2016. A arewacin Zamfara wasiƙa ba ta taɓa samun wannan ƙarfi ba. Ko da yake layin dogo ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, akwatin gidan waya bai wuce hannun ma'aikata da manyan 'yan kasuwa ba. Wayar salula ta GSM ce, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2001, ta buɗe ƙofar da wasiƙa ta kasa buɗewa.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN. A Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, ana gargaɗin rufe layin wanda bai yi ba. A farkon 2023 canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, har wanda bai taɓa yarda da banki ba ya koma sayar da akuyarsa ta hanyar tura kuɗi. Duk waɗannan sanarwa ce ta gaskiya daga hukuma, mai wa'adi da barazana a cikinta, kuma ita ta koya wa tsofaffi cewa idan aka kira aka ce za a rufe, to da gaske ake. Ɗan damfara bai ƙirƙiro wannan tsoro ba, tararwa ya yi an riga an shuka masa.

Kiran yakan zo da Hausa mai daɗi, wani lokaci har da sunan mutum cikakke. "Ranka ya daɗe Alhaji, daga banki ne. An dakatar da asusunku saboda BVN, amma kada ku wahalar da kanku zuwa Gusau. Yanzu wata lamba za ta shigo wayarku, ku karanto mini in gyara muku daga nan." Ga wanda ya san halin hanya da kuɗin mota da layin banki, wannan magana taimako ce. Lambar da ya karanto kuwa ita ce mabuɗin asusun. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri, ko lambar da ke jikin katin cirar kuɗi, ko lambar da ake turowa ta amfani sau ɗaya, kuma bankunan da kansu sun sha nanata haka.

Sauran dabarun duk 'yan gida ɗaya ne. Ana kiran ɗan fansho a ce giratutinsa ya fito, saura ya biya kuɗin tura fayil, alhali hukumar PTAD da ke kula da tsofaffin 'yan fanshon tarayya ta sha bayyana cewa ba ta karɓar ko kwabo. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da alkawarin raba naira 25,000 ga magidanta marasa ƙarfi, saƙonnin "cika fom na tallafi" suka cika wayoyi. Akwai kujerar Makka mai rahusa wadda ba ta bi ta hukumar alhazai ta jiha ko kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi ba. Akwai alat na bogi, wanda ake turowa sannan a kira ana magiya a ce kuskure aka yi, a taimaka a mayar. Akwai kuma zuba jari mai ninkawa cikin wata guda, irin MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016 da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Irin wannan zuba jari yawanci ta hannun ɗan gida yake isa ga tsoho, wani jika ko ɗan ɗan'uwa da shi ma an ruɗe shi.

Mafi wuyar sha'ani shi ne roƙo. A wannan yanki neman taimako ba tatsuniya ba ce. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da kewayen Ƙaura sun bar marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira, sun kuma bar iyalai da ke bin dangi gida-gida suna haɗa kuɗin fansa. Dattijon da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani idan hoton yaro a gadon asibiti ya shigo WhatsApp da lambar asusu a ƙarƙashinsa, ko aka turo murya mai kuka ana neman cikon kuɗin fansa kafin Juma'a. Wasu daga ciki gaskiya ne. Wasu tsohon hoto ne da ya shekara yana yawo, an canza lambar asusu kawai. Haka ma takardar ginin masallaci ko Islamiyya mai ɗauke da hatimi, wadda ba wanda ya san unguwar da ake ginin. Mutumin da ya ga shekarunsa sun ja yana ɗokin aika guzuri gaba, kuma ɗan da ya ce masa ya rage sadaka ya ɗauko faɗan da ba zai ci ba.

Talla kuwa ba ta kwashewa lokaci ɗaya, tsotsa take yi. Motar mai magani da lasifika a ranar kasuwa, ko shirin rediyo da ya sayi fili, suna alkawarin gora ɗaya da za ta warkar da hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi gaba ɗaya. Asarar a nan biyu ce, domin wani tsohon yakan ajiye maganin asibiti ya koma wa gorar. A waya kuma akwai waƙar kira da saƙon kullum da gasar cin mota, masu cire naira ashirin ko hamsin ba tare da mai layin ya san ya taɓa amincewa ba. Shi dai ya ga kati ba ya daɗewa.

Kuskure ne a ɗauka wauta ce ke jefa tsofaffi cikin wannan. Yawancinsu mutane ne da suka yi shekara arba'in suna ciniki ba a cuce su ba, domin sun saba auna mutum ta fuskarsa da asalinsa da wanda ya kawo shi. Waya ta ɗauke duk waɗannan ma'aunai. Ga shi da yawa karatunsu na allo da ajami ne, saƙon banki kuma da Turanci yake zuwa, ido ma ya fara rauni. Ana ganin haka a rumfar mai POS: tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ciro kati, ta miƙa wa yaron, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi a gaban mutum biyar da ke jiran layi, ta karɓi abin da aka ƙirga mata ba tare da ta ga adadin da aka danna ba. Sai kuma kunya. Wanda aka damfara yakan yi shiru don kada a ce tsufa ya kama shi, shirun nan kuwa shi ke ba ɓarawon damar dawowa, wani lokaci a matsayin jami'in da zai taimaka a ƙwato kuɗin farko.

Alamomin ba sa ɓuya ga mai lura. Mai gida ya fara tashi daga cikin mutane idan waya ta yi ƙara, cefane ya ragu ba dalili, an sayar da tunkiya ba salla ba suna, ko ya fara cin bashi alhali wata bai yi nisa ba. Idan abin ya haɗu da yawan mantuwa da maimaita tambaya ɗaya, ana iya zargin gigin tsufa, kuma wannan maganar likita ce.

Ƙwace waya ko kati shi ne abin da ya fi saurin zuwa wa 'ya'ya a rai, kuma shi ne mafi muni. Yana ci wa dattijo fuska, yana kuma koya masa ɓoyewa. Abin da ke aiki shi ne a sanya jinkiri da mutum na biyu tsakanin saƙo da kuɗi. Duk damfara gaggawa take ci: yau za a rufe, saura kujera ɗaya, kada a gaya wa kowa. Ƙa'ida ɗaya da aka yi yarjejeniya a kanta cikin ladabi ta isa ta karya mafi yawansu, wato ba a tura kuɗi ga wanda ba a sani ba sai an kwana, kuma sai wane ya ji. Yadda aka gabatar da maganar shi ne rabin aikin. "Baba, ni ma sun kira ni jiya. Idan sun kira ku, ku ce su nemi ɗanku, shi ke riƙe da takardun" ta fi shiga kunne sau goma a kan "Baba, kun cika yarda da mutane." Ta ba shi abin faɗa da zai kashe wayar ba tare da ya ji ya wulaƙanta kowa ba.

Sauran matakan na hannu ne. A raba kuɗin gida biyu da yardarsa: asusun ajiya wanda ba shi da kati kuma ba a haɗa shi da lambar tura kuɗi ta waya ba, da ƙaramin asusu na hidimar yau da kullum. A nemi banki ya rage adadin da za a iya fitarwa a rana. A sa wa wayar da layin kansa lambar kulle, domin wayar da aka sace da layin banki a ciki ta fi jakar kuɗi haɗari. A tsayar da mai POS guda sananne, a koya wa tsoho danna lambarsa da kansa ko ya tafi da amintacce. A rubuta lambar da bankinsa ya tanada ta rufe asusu cikin gaggawa, a ajiye a gida. Don tsayar da saƙonnin talla na kamfanin waya, hukumar sadarwa ta NCC ta tanadi lamba 2442 tun 2016, ana tura mata kalmar STOP kyauta, kuma ana kai ƙorafi ta 622.

Sadaka kuma hanya ake gyara mata. A ware mata kaso sananne duk wata, ya zama shi ne mai rabawa, amma ta bi ta inda ido ke gani: maƙwabciyar da aka kashe wa miji, limamin unguwa da ya san masu buƙata, majinyacin da za a iya zuwa a duba a babban asibitin garin a biya kuɗin maganinsa kai tsaye. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi ga mai son bi ta hukuma. Roƙon kuɗin fansa na gaskiya yana da suna da ƙauye da dangi, kuma kira ɗaya zuwa ga mai unguwa ko wani ɗan garin yana tabbatar da shi.

Shari'a ta san wannan matsala tun da daɗewa. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi magana kan tsare dukiya daga hannun wanda ba ya iya sarrafa ta, tare da ciyar da shi daga cikinta da yi masa magana mai daɗi, kuma malaman Malikiyya sun yi babi guda a kan hajru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa. Amma ga baligin da ya riga ya mallaki hankalinsa, alƙali ne ke yanke wannan bayan hujja, ba taron 'ya'ya a zaure ba. Dattijo mai cikakken hankali da lafiya yana da ikon kyautar da abinsa ko magada ba su so. Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin ba kowane mai kukan ana cutar Baba ne yake yi don Baba ba, kuma sau da yawa hannun da ya fi ɓarna a asusun tsoho na cikin gida ne, wanda aka ba kati ya ciro dubu goma ya ciro sha biyar. Shi ya sa ya fi kyau mutum biyu su riƙa ganin alat, kuma a riƙa karanta wa mai kuɗin lissafinsa.

Idan an riga an yi asara, sa'o'in farko su ne masu daraja. A rufe asusun, a kai ƙorafi banki a rubuce a karɓi lambar shaida, a adana saƙonnin da lambar da ta kira da asusun da aka tura wa kuɗin, sannan a sanar da 'yan sanda ko EFCC. Dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015 duk sun shafi irin wannan. Idan banki bai warware ƙorafin cikin mako biyu ba, ana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ba kullum kuɗin ke dawowa ba, kuma lambar da ta taɓa biya sau ɗaya za a sake kiran ta, don haka bayan asarar farko ne gida ya fi buƙatar sa ido.