Tsufa da Babur a Ƙasar Gobir: Yaushe Boksa Ke Fin Ƙarfin Mai Shi?

Wanda ya fara hawa babur yana saurayi a zamanin Shagari, lokacin da Besfa da Honda da Suzuki ke tashe, yau ya ba sittin baya. Da yawa daga cikin tsaransa a Gatawa da Sabon Birni da Isa har gobe a kan babur suke. Da shi suke zuwa gona da kasuwa, da shi suke zuwa suna da ta'aziyya, da shi ake kai mai naƙuda asibiti idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mota ba ta shiga kowane ƙauye, balle da damina idan fadamun gulbi suka cika. Samarin da a da suke ɗauke wa iyaye wannan zirga-zirga kuwa, wasu sun tafi ci-rani, wasu rashin tsaro ya kora su Sakkwato ko tsallaken iyaka wajen Gidan Rumji da Maraɗi. Sai ya zama dattijon da ya kamata a ce ana goya shi, shi ne ke goyon wasu.

Babur ɗin da ya fi yawa a waɗannan hanyoyi shi ne Boksa na kamfanin Bajaj na Indiya da 'yan uwansa masu tanki a gaba. An so shi ne don juriya: ga ɗaukar kaya, ga tsimin mai, ga kayan gyara a kowace rumfar bakanike. Amma nauyinsa ya haura kilo 100 tun ba a ɗora masa komai ba. A ɗaure buhun taki biyu a kariya, an ƙara kilo 100. A sa jika a kan tanki, a rataya jarka a gefe. Yayin da babur ke tafiya, gudun ne ke riƙe da wannan nauyi, mahayi bai cika jin sa ba. Yana rage gudu nauyin zai fara dawowa kansa, idan ya tsaya kuwa gaba ɗaya a ƙafa guda yake sauka.

Shi ya sa faɗuwar dattijo ba ta cika kama da ta ɗan kabu-kabu ba. Yaro kan faɗi ne da gudu, a kwana ko wurin tsere wa wani. Dattijo a hankali yake faɗuwa. Ya shigo burtali mai rairayi, tayar gaba ta nutse ta fara karkarwa, kan babur ya fizge hagu. Ya saki mai, abin da ke ƙara nutsar da tayar, ya miƙa ƙafa zai dogara. Ƙafar ta sauka a yashi mai laushi, gwiwa ta lanƙwashe, buhunan da ke baya suka rinjayi babur ɗin, sai ga shi kwance a kan ƙaurinsa, salansa mai zafi na ƙona masa fata ta cikin wando. Duk abin bai kai saurin mai tafiya a ƙasa ba. Shekara ashirin da suka wuce, wannan ƙafa ɗin dai da ta tare babur ɗin, bai ma san an yi wani abu ba.

Dalilin a tsoka yake. Tun daga wajen shekara 30 tsokar jiki ke soma raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar na ƙara sauri bayan 60. Irin tsokar da ke fara tafiya ita ce mai zabura, wadda ke aiki cikin ƙiftawar ido. Mai juriya takan daɗe. Wannan ne ke ruɗin manoma musamman. Mutum ya yini yana noma da hauya bai gaza ba, sai ya ɗauka ƙarfinsa na nan yadda ya san shi. Juriyar tana nan, gaskiya ne. Zaburar da ake bukata a tare kilo 200 da ya karkata ba zato, ita ce ta yi ƙasa. Ga gwiwa da ƙugu da suka soma ciwo, waɗanda buga kik da sanyin asuba da ɗaga ƙafa a tsallake kaya ba sa yi musu daɗi.

Sai ido, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci kuma shi aka fi yi wa shiru. Hausawa na cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a kan hanya ma akwai gaskiya a ciki: dattijo ya san inda akuya kan ɓullo, ya san ramin da ruwa ya rufe. Sai dai ƙwayar idon tana da nata hisabi. Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Idan fitilar wani ta dalle shi, yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ganinsa ya dawo. A haɗa wannan da hazon hunturu da almuru. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan, sai hawan jinin ido. Yana dai mai ita ya san da ita, don yana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, kuma aikin cire ta ba ya cin dogon lokaci. Hawan jinin ido ya fi mugunta ga mahayi. Daga gefe yake fara cin gani, ba ciwo ba ƙaiƙayi, mutum na ganin gabansa tar alhali yaron da ya fito da gudu daga lungu bai shiga idonsa ba.

Ko ido ya gani, sai saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo hannu da ƙafa, kuma wannan ma na jinkiri da shekaru. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa kafin a taka birki ya kai mita biyar da rabi, tsawon da ya isa a shige cikin amalanke. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara jinkirin waɗanda ba a lissafa su. Maganin mura mai sa barci na ciki. Maganin hawan jini kan sa wasu jiri idan suka miƙe. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba zai iya jin duhu ya rufe shi yana kan hanya. A bazara, lokacin da zafin wannan yanki ke haura digiri 40, tsoho bai cika jin ƙishirwa da wuri kamar yaro ba, ruwan jikinsa na ƙarewa bai ankara ba.

Faɗuwa ɗaya, sakamako biyu. Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun duba bayanan waɗanda aka kai sashen gaggawa bayan hatsarin babur daga 2001 zuwa 2008, suka wallafa a 2013 cewa mahayin da ya kai 60 ya ninka ɗan shekara 20 zuwa 39 kusan sau uku wajen yiwuwar a kwantar da shi a asibiti. Can ke nan, inda motar asibiti ke zuwa ta ɗauki mutum. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari. Karayar haƙarƙari da saurayi zai daure ya warke, ga dattijo takan hana shi jan numfashi sosai da yin tari, daga nan ciwon huhu ya shigo. Mafi ɓoyuwa shi ne na kai. Ƙwaƙwalwa na ɗan tsukewa da tsufa, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, ƙaramin bugu ya isa ya tsinka ɗaya. Jinin ba ya zuba lokaci guda. Baba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, an yi masa sannu, an kai babur wurin gyara. Bayan mako uku ko wata guda sai ciwon kai, sai mantuwa, sai yawan barci, sai jan ƙafa. A gida a ce tsufa ne ya zo gaba ɗaya, wasu su ce iska ce ko sammu. Alhali abu ne da likitocin ƙwaƙwalwa ke zuƙewa mutum ya dawo hayyacinsa, kuma ana yin aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Duk dattijon da halinsa ya canza bayan faɗuwa, ko da faɗuwar ta kwana biyu, a gaya wa likita maganarta. Daga Gatawa zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 100 a hanyar da ba kowane lokaci ake bin ta da kwanciyar rai ba, don haka jira har abin ya yi tsanani ba dabara ba ce.

Hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. An san yadda ta kaya da aka fara tilasta ta ranar 1 ga Janairun 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don tsere wa jami'an kiyaye haɗurra. Ga dattijo mai hula da rawani abin ya fi nauyi, kunya ce ke hana shi. Amma kansa ne ya fi na kowa bukatarta.

To, a sauya babur? Ni dai na ce a sauya, idan da hali. Roba-roba, wanda zubinsa ya samo asali daga Super Cub da Honda ta fitar a Japan a 1958, kuma ta ƙera fiye da miliyan 100 zuwa 2017, ya fi sauƙin nauyi. Ba tanki tsakanin ƙafafu, zura ƙafa ake yi ba tsallakawa ba. Ba kulocin hannu, yawancinsu kuma da maɓalli suke tashi. Mai babbar riga ma ya fi sakewa a kansa. Aibinsa a fili yake: cikinsa kusa da ƙasa, ba ya son kwazazzabo da taɓo, robobinsa na farfashewa, kuma ba zai ɗauki buhun gero biyu ba. Wannan na ƙarshen ni ban ɗauke shi aibi ba. Babur ɗin da ya ƙi kaya ya yi wa mai shi abin da 'ya'yansa suka kasa faɗa masa. Masu cewa na mata ne da malaman makaranta, su ba su za su yi jinyar ƙugu ba.

Akwai wata hujja da ake kawowa a wannan yanki: wai mutum na bukatar babur mai ƙarfi don ya tsere idan ya yi kiciɓis da 'yan bindiga. Tsoron ba na wasa ba ne. A watan Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanya, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta, kuma babura na cikin abin da suka nema tare da kuɗin fansa. A Satumban 2021 ma gwamnatin jiha ta wancan lokacin, ta Aminu Waziri Tambuwal, ta taƙaita hawa babur da dare da sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, saboda babur ne ƙafar maharan. Amma a dubi hujjar da kyau. Mai shekara 65 ba zai tsere wa samarin da suka yini suna keta daji a kan babur ba, ƙoƙarin hakan ma hanyar karya wuya ce. Sabon babur mai ƙarfi kuwa shi kansa abin nema ne a wurinsu. Abin da ke kare matafiyi a nan shi ne labarin hanya kafin a fita, da tafiya cikin jama'a, da dawowa rana na sama, kuma wannan na ƙarshe ya dace da abin da idonsa ma ke so.

A Ingila mai lasisi na sabunta shi ne duk shekara uku da zarar ya kai 70. A Japan wanda ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa. Irin wannan ƙa'ida ta adadi ba za ta yi aiki a ƙauyen da mutane da yawa ke ƙirga shekarunsu da yunwa ko sarautar wane ba, kuma dama wani mai 70 ya fi wani mai 55 ƙwari. Jiki magayi. Mutum ya gwada kansa a tsakar gida ba mai kallo: zai iya tayar da babur ɗinsa daga kwance shi kaɗai? Zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ya ƙirga goma? Zai iya waiwayawa ya ga bayansa ba tare da ya juya kafaɗa duka ba? Idan ya rufe ido ɗaya, sannan ɗayan, yana gane fuskar mai zuwa daga bakin zaure? Wanda ya gaza a na farko, babur ɗin ya yi masa nauyi. Wanda ya gaza a na ƙarshe, asibitin ido zai fara zuwa kafin kasuwar babura.

Faɗar wannan ga uba shi ne aiki. Ba ɗan da zai dubi mahaifinsa ya ce ya tsufa. Masu wayo kewayawa suke yi: "Baba, ku bar mini kayan in biyo ku da su," ko "Ku kawo in ja ku, ni ma can na nufa." Bakanike ya fi kowa samun bakin magana, don shi zai iya cewa, "Alhaji, wanga mashin ya yi muku nauyi, ku bari in samo muku ƙarami," a yi dariya a wuce, maganar kuma ta zauna.

Komawa baya ma ba shi ne ƙarshen haɗari ba. Wanda aka goya ba ya ganin ramin da ke tafe, ba abin riƙo a hannunsa, kuma rayuwarsa na hannun yaron da ƙila jininsa ke tafasa. Bakin babbar riga ko rawani da ya sauka zai iya shiga sarƙa ko waya ya fizgo mutum ƙasa, don haka a tattare shi a cinya kafin a tashi. Dattijo na da ikon cewa a rage gudu, ya kuma sauka idan an ƙi. Wanda ba shi da ɗa a kusa, sai kabu-kabu, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin goyo ya ninka, har ya fi ƙarfin manomi da yawa. Irin waɗannan za su ci gaba da hawa da kansu ko an so ko ba a so ba, kuma su ne ya kamata ayarin likitocin ido da ke zuwa aikin yana kyauta ya fara nema idan ya iso Sabon Birni ko Isa.